Kogin Kwamanda Hambali

Duk garin da Allah ya nufa da alheri yakan ba shi mutum guda da zai riƙa yin tunani a madadin kowa. Birnin Kudu ta samu nata a watan Maris na 1970, wata ranar Talata, lokacin da motar Kano ta sauke Malam Hambali a tasha da akwatin ƙarfe ɗaya, hular soja ɗaya, da sanda mai kan tagulla. Daga yaƙi ya dawo. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya bukatar shaida.

Masu hassada, waɗanda ba a rasa su ko a wurin raɗin suna, sun ce duk shekarun yaƙin a Kaduna ya yi su, cikin wani sito, yana raba barguna. Wannan bai rage masa komai ba. Sojan da bai yi barci ba ba ya iya harbi, wanda ba shi da bargo kuwa ba ya barci. Ashe ke nan Malam Hambali ne ya ci yaƙin, sauran taya shi suka yi. Daga nan aka laƙaba masa Kwamanda. Da farko a bayan idonsa ake faɗa. Da ya ji, sai ya hana a kira shi da wani suna.

Aka ba shi aikin kula da ɗakin ajiye takardu a wani ofishi da ba sai an ambaci sunansa ba. A ɗakin akwai kabad uku, babban tebur ɗaya, da taswirori goma sha biyu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda Turawa suka bari a nannaɗe. Wani mutum da ya ga taswirorin sai ya kaɗe musu ƙura ya mayar. Kwamanda da ya gan su sai da ya yi hamdala.

Dalili kuwa, a can Kaduna ya taɓa leƙawa ta taga ya ga manyan hafsoshi sun kewaye tebur, suna tura wasu 'yan katakai a kan taswira. Nan take ya gane abin da ya shige wa sauran jama'a duhu: a kan tebur ake yin yaƙi, waɗanda ake turawa daji suna zuwa ne kawai su tabbatar.

Saboda haka kowace Alhamis bayan la'asar sai a shimfiɗa taswira a danne kusurwoyinta da duwatsu. Abokan gaba biyu yake da su, kuma shi ya naɗa su. Malam Ɗahiru hedimasta shi ne Sarkin Yaƙin Gabas, rundunarsa wake. Sabo malamin asibiti shi ne Barden Yamma, rundunarsa gyaɗa. Kwamanda yana jagorancin murafun kwalbar lemo, domin su ne na ƙarfe. Kowa zai yi magana da muryar sarautarsa, ya faɗi inda zai kai hari, a jefa ƙwayar lido a ga abin da ta ba shi. Kwamanda shi ne ɗan wasa, shi ne alƙali, kuma shi ke faɗin ko an yi hadari a fagen fama ko rana ta take.

Liman ya taɓa aikowa a tambaya ko wannan abu ba caca ba ne. Malam Ɗahiru ya je ya yi masa bayani cewa a caca mutum yakan ci yakan faɗi, amma a nan shekara biyu ke nan ba wanda ya taɓa ci sai mutum ɗaya. Liman ya gamsu cewa babu sa'a a ciki ko kaɗan.

Sirrin wannan nasara yana cikin wani gwangwanin alewa. Kwamanda ya lura taswirar Bature tana da aibu: farin fili ya yi mata yawa. Sai ya je wurin Iliyasu mai faci a bakin tasha, ya sa shi ya yanka masa hatimai daga tsohuwar tayar babbar mota, aka manna kowanne a kan guntun icen maɗaci. Guda shida ne. Akwai DUTSE, akwai DAJI, akwai FADAMA da GANUWA da GADA, sannan akwai RUWA, mai layi uku a lanƙwashe da wani ɗan kifi yana murmushi a ƙasa. Tawadar ofis ce, shuɗiya, irin wadda ba ta gogewa.

Ranar da ya ƙaddamar da su ya miƙe tsaye, ya soke sandarsa a hammata, ya ce:

"Malamai, Bature ya zana ƙasa yadda ya same ta. Wannan aikin ɗan koyo ne. Kwamanda yana zana ƙasa yadda yake bukatarta. Dutse ba ya zama dutse don ya yi tauri, yana zama dutse ne don hukuma ta ce shi dutse ne."

Tun daga ranar yaƙi ya yi sauƙi. Da zarar waken hedimasta ya matso kusa da hedikwata, sai Kwamanda ya buɗe gwangwani, ya zaɓo RUWA, ya hura masa iskar baki, ya danna a tawada, ya buga a gaban wake. Kogi ya fito. Malam Ɗahiru ya taɓa cewa mayaƙansa za su yi iyo su haye, aka tuna masa cewa wake in ya shiga ruwa kumbura yake yi. Sabo bai taɓa gardama ba. Da ya ga an buga kogi a gabansa sai ya fara ɓare rundunarsa yana ci, tunda dai mutuwa za su yi. Hatimin GADA kuwa har yau bai san launin tawada ba, domin abokin gaba ne kaɗai ke bukatarsa.

Kowane babban kwamanda yana da hedikwata. Ta Kwamanda Hambali tana kan wani ɗan ɗigo mai suna Gidan Sada, can bayan Dingaya a ƙasar Gwaram. Ya zaɓi wurin ne bisa hikimar soja, wato nan ne hannunsa ke kaiwa ba sai ya tashi daga kujera ba. Bai taɓa taka garin ba. Kafin ƙarshen 1973 taswira goma sha ɗaya sun nutse gaba ɗaya, ta sha biyun kuwa tana ɗauke da RUWA talatin da ɗaya, duk a kewaye da Gidan Sada, kifi na bin kifi.

A can ainihin Gidan Sada, wadda ba ta san ita hedikwata ce ba, gida arba'in da uku ne da rijiya ɗaya. A farin da aka yi a shekarar nan rijiyar ta fara ba da taɓo, daga baya ta daina ba da ko taɓon. Mata sukan fita bayan asuba zuwa wani busasshen rafi, su tona yashi su jira ruwa ya tsatso, su dawo da azahar da tulu ɗai-ɗai. Da wannan tulun za a yi tuwo, a yi alwala, a ba akuya. Gida shida suka kwashe suka koma wajen dangi a Basirka. Mai unguwa Barau ya kawo takardar kuka har sau uku, aka karɓa sau uku, aka sa ta a kabad na biyu.

Sai kuɗin mai suka zo, aka ce za a haƙa rijiyoyin kankare a ƙauyuka. Wasiƙa ta iso daga Kano tana neman taswirar da ke nuna inda ruwa yake da inda babu, don a san inda za a fara. Wani ma'aikaci da ya karanta sai ya ga aiki. Kwamanda da ya karanta sai ya ga labarinsa ya kai Kano. Ya ɗauko ta sha biyun, wadda a kanta ya yi nasararsa mafi girma, ya kaɗe ɓawon gyaɗa, ya naɗe ta. A takardar rakiya ya rubuta cewa kowane kogi da ke ciki shi ya tabbatar da shi da hannunsa. Ba wanda zai ce ya yi ƙarya a nan.

Bayan mako shida amsa ta zo. An jera ƙauyuka goma sha tara da za su samu rijiya. Babu Gidan Sada. A ƙasan takardar an yi bayani cewa ba a taɓa ganin ƙauyen da Allah ya wadata da ruwa irin wannan ba, don haka an miƙa batunsa ga sashen kamun kifi.

A farkon Afrilu babbar mota ta shiga Gidan Sada da baya da baya, ta sauke jirgin ruwa na katako, tsawonsa ƙafa ashirin da biyu, an shafe shi da koren fenti, da filafilai biyu da taru ɗaya. Aka ajiye shi a gindin tsamiya, aka sa mai unguwa Barau ya dangwala yatsa cewa ya karɓa. Barau ya tambayi direba ko akwai ruwan a mota ta biyu. Direba ya ce shi dai jirgi aka ba shi. Kafin motar ta ɓace awaki sun shiga sun kama wuri.

A garin akwai wata tsohuwa, Inna Safiyatu, ungozoma. Rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya, kuma ta gaji da wanke jarirai da rabin ƙwarya. Ta bi diddigin maganar daga Gwaram har aka gaya mata inda aka samo kogin. Ranar Alhamis ta hau motar 'yan kasuwa da tulu a ka, ta sauka Birnin Kudu, ta yi sallama a ƙofar ɗakin takardu ana tsakiyar gumurzu. Tunda taswirorin sun ƙare, a bayan tsohuwar kalanda ake yaƙin ranar. Ta sauke tulun a tsakiyar fagen fama, ya danne murafu uku.

"An ce a nan kuke ajiye kogin namu," in ji ta. "Ɗan cika min, ɗana, tafiya ce a gabana."

Sabo ya daina tauna. Malam Ɗahiru ya sami wani abu a rufin ɗaki yana kallo. Kwamanda kuwa, da yake babban mutum ba ya fushi da jahilci, ya gyara zama ya yi mata karatu.

"Inna, ke ƙasa kike gani, mu taswira muke gani. Ƙasa kowa ma yana takawa, har jaki. Taswira kuwa sai mai ilimi. Abin da hatimi ya taɓa ya tabbata. In an samu saɓani tsakanin takarda da gari, to garin ne bai bi umarni ba, kuma za mu bincika."

Inna Safiyatu ta saurara har ya dire. Sannan ta ce ta gode da ilimi, amma tunda ba za a cika mata tulu ba, a buga mata ko guda ɗaya a takarda ta tafi da shi, kada ta koma hannu rabbana. Kwamanda ya ji daɗin ganin talaka ya fara fahimta. Ya yagi gefen kalanda, ya hura, ya danna, ya buga mata RUWA mai kyau, kifin ya fito raɗau. Ta ƙulle a bakin zane. Tulun kuwa ta ce a bar shi nan, in kogin ya zo wucewa a tara mata. Ba wanda ya yi ƙarfin halin ɗaga shi, don haka Kwamanda ya zagaye shi da hatimin DUTSE aka ci gaba da yaƙi.

Bayan ta tafi Malam Ɗahiru ya ajiye sarautarsa ya yi magana a matsayin hedimasta. Ya ce layi ɗaya kawai ake bukata. A rubuta wa Kano cewa an yi kuskure, taswirar ta wasa ce, a mayar da Gidan Sada cikin jerin rijiyoyi kafin masu haƙa su gama su tafi. Har ya ce shi zai rubuta, Kwamanda ya sa hannu kawai. Kwamanda ya dube shi yadda ake duban wake. Ya ce bai ja da baya a gaban abokan gaba ba, ba zai ja da baya a gaban tulu ba. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu iya magana, amma su ba su taɓa raba barguna ba.

Mako biyu bayan haka wata wasiƙar ta zo, wadda ta nuna gaskiyarsa. Za a yi bikin sa jirgi a ruwa ranar Asabar, 11 ga Mayu, 1974. Ana gayyatar Malam Hambali a matsayin wanda ya gano kogin, kuma an amince a sa wa kogin sunansa. Ya karanta ta a tsaye, ya karanta ta a zaune, ya sa aka karanta masa don ya ji yadda take a kunne. Ya kai babbar riga wurin mai bugu, ya sa aka goge kan sanda da toka.

Duk da haka kada a ce bai yi tanadi ba. Ya koma wurin Iliyasu mai faci ya sa aka yanka masa hatimi na bakwai, mai kalma biyu: YA JANYE. In wani ya yi tambayar da ba ta kamata ba, kogin ya yi janyewar dabara ne, kamar yadda kowace runduna mai hankali takan yi. Ya sa shi a aljihu tare da ɗan gwangwanin tawada.

Jami'in kifi da aka turo daga Kano, Malam Sulaimanu, mutum ne mai shiru-shiru da ya yi shekara uku yana karatun tarwaɗa. Ya zo a Landuroba da taswirar a cinyarsa, da igiyar auna zurfi, da littafin rubutu, ya biya ya ɗauki Kwamanda. Tun daga Gwaram yake leƙe ta taga yana duba taswira. Bisa ga takarda sun haye kogi huɗu kafin Dingaya. Kwamanda ya ce masa wannan ita ce alamar direba ƙwararre.

Suka iso da rana tsaka. Duk garin ya fito. Jirgi na gindin tsamiya a kan yashi, an kore awaki an shimfiɗa tabarma a ciki. Daga jirgin har bakin tsohuwar rijiya mata sun jera tuluna a kife, layi ɗaya. Mai unguwa Barau ya yi maraba, ya ce garin ba shi da kujerar da ta dace da babban baƙo, sai dai ya shiga jirgi. Kwamanda ya tattare riga ya shiga, aka miƙa masa filafili ya riƙe a hagu, sanda a dama.

Daga nan ya yi jawabi. Ya fara da Kaduna. Ya bi ta kan muhimmancin bargo, ya gangaro kan wake da halinsa a ruwa. Ya ce tarihi zai tuna cewa sau talatin da ɗaya aka kawo wa wannan gari hari, sau talatin da ɗaya ya kare shi, ba tare da an tashi ko jariri daga barci ba. Mutanen Gidan Sada suka dubi juna, don wannan ne karo na farko da suka ji labarin.

"Kuna tambaya ina kogin," in ji shi, alhali ba wanda ya tambaya tukuna. "Kogin da kowa ke gani kogin banza ne, abokin gaba ma yana ganinsa. Naku kogin soja ne. Yana nan. Yana jiran umarni."

Ya yi minti hamsin da biyar a cikin zafin Mayu. A minti na hamsin da shida murya ta maƙale. Ya yi gyaran murya, ba ta gyaru ba. Ya dubi mai unguwa ya ce ashe a garin nan ba a ba baƙo ruwa.

Barau ya ce subhanallahi, an yi abin kunya, ya waiwaya. Inna Safiyatu ta taso da sabuwar ƙwarya a rufe da faifai, ta zo har gefen jirgi, ta durƙusa yadda ake yi wa manya, ta miƙa da hannu biyu. Kwamanda ya ajiye filafili, ya yi bismilla, ya ɗaga faifai. A gindin ƙwaryar ga guntun kalanda, ga layi uku a lanƙwashe, ga kifi yana murmushi.

"Sha, ɗana," in ji ta. "Naka ne. Ko ɗigo ban taɓa ba."

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Malam Sulaimanu ya matso da igiyar awonsa a hannu, ya leƙa ƙwarya, ya dubi taswira, ya dubi tuluna, sannan ya tambaya a hankali, irin tambayar mai son cike takarda:

"Malam Hambali, ina ruwan?"

Kwamanda ya nemi jawabi, maƙogwaro ya ƙi. Ya nemi Bature ya ɗora masa laifi, ya nemi damina, ya nemi Iliyasu mai faci. Abin da ya iya fitowa kalma huɗu ce, a shaƙe:

"Ni fa ba ruwana."

"Mun shaida," in ji Inna Safiyatu. "Mu ma ba ruwanmu."

Malam Sulaimanu ya buɗe littafi ya rubuta cewa wanda ya gano kogin ya tabbatar a gaban jama'a babu ruwa. Sannan ya shimfiɗa taswirar a kan bakin jirgi ya ce a buga masa hatimi, domin Kano ba ta karɓar magana sai da hatimi. Guda ɗaya ne a aljihun Kwamanda. Ya ciro shi, ya yi niyyar hurawa, babu damshi a bakin. Ya danna a tawada ya buga. A tsakiyar koguna talatin da ɗaya, a saman sa hannunsa, aka karanta: YA JANYE.

Wannan ne hatiminsa na farko da ya yi daidai da ƙasa. A Kano an fahimce shi ba tare da ƙarin bayani ba. Masu haƙa suka iso Gidan Sada a watan Nuwamba, suka sami ruwa a gaba goma sha huɗu. Gida biyar daga cikin shidan da suka tafi Basirka sun dawo. Inna Safiyatu ta aika aka karɓo mata tulunta, ta ce a gaya wa Kwamanda ya bar wahala, ta samu a wani wurin.

Kwamanda yana nan, kuma bai sauya ba, don zinariya ba ta tsatsa. Yakan gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa akwai garin da ya samar wa jirgi da rijiya a shekara guda, da dabarar da sai soja zai gane. An dai ɗauke makullin kabad daga hannunsa, kuma ranar Alhamis hedimasta da malamin asibiti sukan sami uzuri.

Jirgin ba a zo an ɗauke shi ba, tunda an riga an dangwala yatsa. Mutanen gari suka ja shi zuwa bakin sabuwar rijiya suka mai da shi kwamin shayar da dabbobi. Ba a taɓa sa shi a ruwa ba, amma kullum ana sa ruwa a cikinsa. Kuma da yake hukuma ta riga ta amince da suna, ba su yi mata gardama ba. Har yau in jaki ya ji ƙishirwa a Gidan Sada, cewa ake yi a kai shi Kogin Kwamanda.

Tsawonsa ƙafa ashirin da biyu, zurfinsa kamu ɗaya. Yana da fenti mai kyau, ba ya zuwa ko'ina, kuma in ba a zuba masa ba babu komai a cikinsa. Mai unguwa Barau ya ce tun da yake bai taɓa ganin takwara ya ɗauko mai sunan haka ba.